Ƙasar Da Ta Kashe Yaran Dareta Ba Ta Da Wata Alama A Ido, In Ji Wani Masanin Ƙasar Noma A Moriki

Wannan shi ne jawabin da wani masanin kimiyyar ƙasar noma ya gabatar ga taron manoma a garin Moriki, cikin ƙaramar hukumar Zurmi ta jihar Zamfara, ana dab da faɗuwar damina. Taron ya samu halartar manoma daga ƙauyukan da ke kewaye, da wasu daga Ƙaura Namoda da Shinkafi.

Bayan ya gode wa Allah Ta'ala, ya kuma yi salati ga Manzonsa (S), Malamin ya fara da tambayar mahalarta ko a cikinsu akwai wanda aka taɓa ɗebar ƙasar gonarsa aka kai ta ɗakin gwaji aka auna. Ya ce ya san amsar tun kafin a ba shi, domin kuwa manomin ƙasar nan yakan ciyo bashi ko ya sayar da akuyar matarsa ya sayi buhun taki, ya je ya watsa a gonar da bai san abin da take buƙata ba, kamar mai kai wa majinyaci magani alhali ba a duba shi ba. In Allah ya sa an dace a gode, in ba a dace ba a ce damina ce ba ta yi ba.

Ya ce Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma gaskiya ne manomin Moriki yana iya bambance jigawa da fadama, da laka da fako, yana tafe ba tare da ya sunkuya ba. Ya san gonar da ƙuduji ya cinye ta gaji, ya san ƙarƙashin gawo ya fi ko'ina albarka. Wannan ilimi ne na gaske, kuma bai zo don ya raina shi ba. To amma akwai abubuwa biyu da ido ba ya iya gani a cikin ƙasa komai ƙwarewar mai shi: abincin shuka da ya ƙare, da kuma gubar da ta shigo. A kan waɗannan biyun ya ce zai tsaya.

Malamin ya bayyana cewa takin zamani da aka saba da shi, wato kamfa, abubuwa 3 ne a cikinsa, naitirojin da fosfaras da fotashiyam, kuma su ne lambobin nan da ake gani a jikin buhu, 15-15-15 ko 20-10-10. Yuriya kuwa naitirojin ce zalla, kashi 46 cikin 100. Waɗannan su ne tuwon shuka. Amma bayansu akwai wasu sinadarai da shuka ke buƙata ɗan kaɗan ƙwarai, kamar zink da ƙarfe da jan ƙarfe da manganis da boron da molibdinom. Hekta guda ta masara tana iya cin kilo 100 ko fiye na naitirojin a damina ɗaya, alhali zink ɗin da za ta ɗauka bai kai kilo 1 ba, molibdinom kuwa 'yan giram ne kawai. Ya kwatanta su da gishiri da daddawa a tukunyar miya: ba su da yawa, amma in babu su duk sauran cefanen ya tashi a banza.

Ya ci gaba da cewa tun a ƙarni na 19 wani Bajamushe mai suna Liebig ya yaɗa ƙa'idar da har yau ake aiki da ita, cewa amfanin gona ba ya wuce iyakar abin da ya fi ƙaranci a ƙasar. Ya ce ku ɗauki tulun da ya huje a tsakiyar cikinsa, ko da kogin Gagare za a juye masa, ruwan ba zai wuce wurin hudar nan ba. Haka gonar da ta rasa zink take. Ka ƙara mata buhu biyu na yuriya, ganye zai yi kore-kore na ɗan lokaci, amma zangarniya ba za ta ƙaru yadda kuɗin da ka kashe ya cancanta ba. Kai hatta fosfaras in ya yi yawa yakan hana shuka ɗaukar ɗan zink ɗin da ya rage, yuriya kuma in aka daɗe ana zuba ta ita kaɗai takan sa ƙasa ta yi tsami, ƙasa mai tsami kuwa takan riƙe molibdinom ta hana wake da gyaɗa.

Game da alamomi, ya ce masarar da ta rasa zink takan tsaya gajeruwa, sabon ganyenta ya fito da fararen layuka a gefen jijiyar tsakiya. Shinkafar fadama kuwa, makonni 2 zuwa 4 bayan dashe, sai ka ga ganyenta ya yi ɗigo-ɗigo kamar tsatsa, ta ƙi yin 'ya'ya. A ƙasar Indiya manoma sun daɗe suna ɗaukar wannan a matsayin wata cuta da suke kira khaira, sai a shekarun 1960 wani masani a jami'ar Pantnagar mai suna Nene ya gano cewa yunwar zink ce kawai. A Turkiyya ma, a shekarun 1990, an gano irin wannan a gonakin alkama na tsakiyar Anatoliya, da aka fara sa zink a cikin taki sai amfanin ya ƙaru ƙwarai. Gyaɗar da ta rasa boron kuwa, in ka ɓare ta za ka ga cikin ƙwayar ya yi rami ya yi duhu, wadda ta rasa ƙarfe kuma sabon ganyenta ya yi ɗorawa. Sai dai ya ja kunnen manoma da kada wani ya dogara da alama ya je ya sayo boron ya watsa da ka, domin tsakanin abin da ya isa da abin da ke ƙone shuka tazara kaɗan ce.

A nan Malamin ya tsaya ya yi tambaya: da can ina kakanninmu suke samun waɗannan sinadarai, alhali ba su taɓa jin sunansu ba? Ya ce a kashin shanu, da takin gida, da toka, da kuma hutun da suke ba gona. Bayan kaka Bafillace yakan sauka da garkensa a gonar manomi, shanu su ci kara da harawa su bar masa taki, a yi musayar hatsi da nono a rabu lafiya. Yau wannan zumunci ya yanke sakamakon bala'in da ya afka wa yankin, gonakin nesa sun gagari masu su saboda 'yan bindiga, jama'a sun taru a kan 'yan gonakin da ke bakin gari ana noma su shekara da shekaru ba hutu, kara kuma a kwashe shi tas don danni da girki da abincin dabba. Ana ɗiba ba a mayarwa. Ya ce ƙasar jigawa dama ba ta da ajiya mai yawa, don haka ita ke fara nuna gajiya.

Ya ƙara da cewa lamarin bai tsaya a rumbu ba, domin abin da babu shi a ƙasa ba zai shiga gero ba, abin da kuma babu shi a gero ba zai shiga jikin yaro ba. Ƙarancin zink yana daga cikin abubuwan da ke tsumburar da yara, ya sa gudawa ta riƙa kayar da su, shi ya sa a asibiti ake haɗa ƙwayar zink da ruwan gishiri da sukari. A shekarar 2024, gwajin da ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi tare da ma'aikatar lafiya a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi ya nuna cewa kusan yaro ɗaya cikin kowane huɗu na 'yan ƙasa da shekara 5 yana fama da tamowa. Ya ce babban dalilin wannan shi ne rashin tsaro da tsadar abinci, ba ya musun haka, amma gajiyar ƙasa ma tana da nata kason.

Daga nan sai ya juya ga magana ta biyu, wadda ya ce ita ce ta fi ɗaga hankali, kuma 'yan Zamfara ba sa buƙatar a kawo musu misali daga wata ƙasa.

A farkon shekarar 2010, in ji shi, a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, agwagi suka fara mutuwa, ba wanda ya kula. Sai yara ƙanana suka fara amai da ciwon ciki da jijjiga, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Aka yi zaton sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro, aka ba da magani bai yi ba. A watan Maris na shekarar ne ma'aikatan MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, aka ɗebi jini aka aika gwaji, sai ga shi gubar dalma ce. Da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bi gida-gida a ƙauyuka biyu, Dareta da 'Yargalma, ta tarar cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya, wato ɗaya cikin huɗu. Cikin waɗanda aka auna jininsu kuwa, kashi 97 cikin 100 sun kai ko sun wuce maikirogiram 45 a kowane desilita, matakin da ake fara ba da maganin fitar da gubar, alhali a yau a Amurka yaron da ya kai 3.5 ma an fara bin sawunsa. Gaba ɗaya an ƙiyasta yara 400 ko fiye suka rasu, dubbai kuma suka kamu, wasu sun rayu amma da makanta ko shanyewar jiki ko taɓuwar ƙwaƙwalwa da ba ta warkewa.

Ya ce dalilin ba ɓoyayye ba ne. Farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya har ya haura dala 1,000 kowane oza, talakan da noma bai riƙe shi ba ya shiga daji haƙo dutse, dutsen kuma ya zo da dalma mai yawa a jikinsa. Aka kawo shi cikin gida, mata suna farfasa shi da goyo a baya, aka niƙa shi a injin niƙan hatsi, aka shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe, aka wanke shi a bakin rijiya da kududdufi. A wancan lokacin ma'aunin Amurka na ƙasar da yara ke wasa a kanta miligiram 400 ne na dalma a kowane kilo, a 2024 ma suka rage shi zuwa 200. A wasu gidajen waɗannan ƙauyuka an auna an samu fiye da 100,000, ma'ana kashi ɗaya cikin goma na nauyin ƙurar tsakar gidan dalma ce. Kuma duk da haka, in ji shi, in ka ɗebi ƙasar a tafin hannunka ba ta da wari, ba ta da wani launi na daban, ƙasa ce kamar ta tsakar gidan kowa a nan Moriki.

Malamin ya nuna takaicinsa a kan yadda mahukunta suka yi da lamarin. Ya ce likitoci sun bayyana tun farko cewa ba amfanin ba yaro magani a mayar da shi cikin gubar, dole sai an kankare saman ƙasar gidaje, kimanin santimita 5, an kai an binne, an zubo mai tsabta. An yi haka a ƙauyuka 7 tsakanin 2010 da 2011 da taimakon wani kamfani mai suna TerraGraphics da cibiyar Blacksmith. Amma Bagega, wadda ta fi su girma, sai da ta zauna jira, domin kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari tun 2012 ba ta sake su ba sai farkon 2013, bayan matsin lamba daga ciki da wajen ƙasar, yara kuwa suna nan suna shaƙar ƙurar. Ba a gama jimamin wannan ba sai ga irinsa a 2015 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Gwamnati ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024, a 2025 kuma aka sake jin rahoton gubar dalma a ƙaramar hukumar Bunguɗu, maƙwabciyar Ƙaura Namoda. Sannan a 2024 an ga wata cuta mai kumbura cikin yara a ƙaramar hukumar Isa ta jihar Sakkwato, wadda ke iyaka da Shinkafi, kuma gubar ƙarafa na cikin abubuwan da hukumar NCDC ta bincika a kai.

Ya ce kada wanda ya tashi daga nan ya ce an ce gonakin Moriki sun gurɓace, ba haka ya ce ba. Abin da yake faɗa shi ne hanyoyin da guba ke bi ta shigo a buɗe suke. Matasa suna tafiya wuraren haƙar zinare su dawo da tufafi da takalma cike da ƙura, buhun da aka ɗauko dutse da shi a juye a zuba masa dawa, injin da ya niƙa dutse a sayar da shi a wani gari ya koma niƙan hatsi. Binciken da aka yi a kan abincin ƙauyukan Anka ya nuna cewa yawancin dalmar da aka samu a hatsi ta shiga ne bayan girbi, wajen sussuka da shanya da niƙa, domin ita dalma ba ta cika hawa cikin ƙwayar hatsi daga saiwa ba. Ganyaye irin su alayyafo da latas, da masu saiwa irin su karas, su ne suka fi kwasar ta. Akwai kuma zaiba da ake kama zinare da ita a ƙone, hayaƙinta ya shiga huhu, ragowar ta bi ruwa ta shiga kifi, ita ce ta nakasa mutanen Minamata a Japan a shekarun 1950.

Kadmiyam kuwa, in ji shi, halinsa daban ne, domin shi shinkafa tana shan sa ta saiwa ta ajiye a ƙwaya. A yankin Toyama na Japan, ruwan kogin Jinzu da ya biyo ta wajen haƙar ma'adinai shi aka yi ta ban ruwan shinkafa da shi, mata suka yi ta fama da ciwon ƙoda da karyewar ƙashi shekaru da dama kafin gwamnatin ƙasar ta amince da dalilin a 1968. Wannan darasi ne ga masu noman fadama a bakin Gagare da Bunsuru, domin kogi yana kawo abin da aka zuba masa a sama. Ya kuma ambaci Kano, inda ruwan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa da Bompai, mai ɗauke da kuromiyam, ya daɗe yana shiga ruwan da ake ban lambu da shi. Takin bola ma, wanda manoma ke rububinsa, a da toka ce da shara da kashin dabba, yau kuwa akwai fasassun batura da gwangwanin fenti a ciki, don haka a tsince su kafin a kai gona.

Wani abin da ya ja hankalin mahalarta shi ne maganar tozali. Malamin ya ce ba duk abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan kwalli ne ismidin da malamai suka ambata ba, da yawansa dutsen dalma ne aka niƙa. A 2011 an samu wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston na Amurka da gubar dalma a jininsa, da aka auna tozalin da ake sa masa aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Ya roƙi iyaye mata da su daina sa wa jarirai tozalin da ba a san asalinsa ba.

Sai ya shiga bayanin yadda ake ɗebar ƙasar da za a kai gwaji, ya ce a nan ne aka fi yin kuskure, kuma in samfurin ya ɓaci duk ƙwarewar mai aunawa ba ta da amfani. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan girbi ko kafin a zuba taki. A raba gona gwargwadon kamanninta, tudu daban, kwari daban. A kowane ɓangare mutum ya yi tafiyar maciji, yana tsayawa a wurare 15 zuwa 20, ya share ciyawar sama, ya yanki ƙasa daga sama zuwa zurfin santimita 20, kimanin taƙi guda. Ya kauce wa suri, da inda aka tara taki, da inda aka ƙone kara, da gindin gawo da bakin hanya. A haɗa duka a bokitin roba mai tsabta, ba na ƙarfe mai ruwan kwano ba, domin shi kansa zink ne a jikinsa, zai sa sakamakon ya nuna gonar tana da abin da ba ta da shi. A gauraya sosai, a shanya a inuwa, a ɗebi kamar rabin kilo a zuba a leda, a rubuta sunan mai gona da wurin da abin da aka noma bara. In kuwa dalma ake nema a tsakar gida ko masussuka ko gindin injin niƙa, to saman ƙasar ake kankarowa, kuma ba a gauraya ta wuri ɗaya da ta wani.

A ɗakin gwaji, in ji shi, za a fara auna tsamin ƙasar, wanda yawancin amfanin gonarmu suka fi so tsakanin 6 da 7, sannan a jiƙa ta da wani ruwan magani da ke zaro gwargwadon abin da saiwa za ta iya sha, a auna da na'ura. Akwai kuma wata na'urar hannu mai suna XRF, wadda ake ɗora ta a kan ƙasa ta nuna yawan dalma cikin ɗan lokaci kaɗan, da ita aka yi aikin Dareta da Bagega. Ya ambaci cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, da sashen kimiyyar ƙasa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Bayero a Kano, a matsayin wuraren da suka saba da irin wannan aiki. Ya ba da shawarar manoman unguwa guda su haɗa kuɗi su tura mutum ɗaya da samfuransu, maimakon kowa ya ce sai ya je da kansa, kuma awo ɗaya yana iya yi wa gona amfani shekara 3 ko 4.

Ya ce asali wannan aikin hukuma ne. Ƙasar Habasha ta fara zana taswirar ƙarfin ƙasar nomanta tun 2012, don a haɗa wa kowane yanki takin da ya dace da shi. Jihar da ke yi wa kanta kirari da noma tun da aka ƙirƙiro ta a 1996, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Ƙaura Namoda tun 1983, ga jami'ar tarayya a Gusau, bai kamata a ce manominta sai ya tsallaka wata jiha kafin ya san abin da ke cikin gonarsa ba. Ya nemi jama'a da su riƙa tambayar masu zuwa rabon taki lokacin zaɓe wane awo aka yi kafin a zaɓo irin takin da suka kawo.

A lokacin tambayoyi, wani dattijo ya nemi sanin abin da mutum zai yi in aka auna aka samu gubar a gonarsa, shin ruwan sama ba zai wanke ta ba? Malamin ya amsa da cewa a'a, Baba, dalma ba ta ruɓewa, takan zauna a saman ƙasa ɗaruruwan shekaru. In a tsakar gida ce, sai dai a kankare a binne a zubo sabuwa, a kuma kai yaran gidan a auna jininsu ba tare da jiran alamar ciwo ba. In a gona ce kuma ba ta yi yawa ba, a daina noma ganye da masu saiwa a wurin, a yawaita takin gargajiya mai tsabta, a gyara tsamin ƙasar da farar ƙasa don ta riƙe gubar, a wanke duk abin da aka girbe, a kuma hana yara wasa da dabbobi kiwo a wurin. In ta yi yawa, a bar wurin a dasa itatuwan da ba a ci.

Wani matashi kuma ya ce ƙanensa yana aikin haƙar zinare a wajen Maru, yakan zo gida duk wata. Malamin ya ce a gaya masa ya yi wanka ya sauya tufafi tun a can, kada ya shigo gida da takalmin aiki ko buhu ko dutse, kada kuma a haɗa wankin kayansa da na yara. Daga nan aka yi addu'a aka tashi, bayan wasu manoma sun ba da sunayensu don a fara ɗebar ƙasar gonakinsu kafin ruwa ya sauka.